Baba Kunne da Ƙugin Kiɗan Auta

In ka bi layin masu kayan lantarki, ka wuce shagon mai batir, za ka ga wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakalar bene, wadda ko gajere sai ya sunkuya yake shiga. Nan ne shagon Baba Kunne. Cikinsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma lasifikokin da ke jibge sun kai rufi, wasu na jiran gyara, wasu kuma masu su sun manta da su tun zamanin kaset. Teburin aikinsa duk tabon dalma ne. Kujerarsa guda ce tak, kuma ba ya ba kowa ita, ko da kai ne mai benen.

Aiki ne ya raɗa masa sunan Kunne. In aka kawo masa amfilifaya mai ciwo, ba ya gaggawar kwance ta. Sai ya kashe fanka, ya ce kowa ya yi shiru, ya kunna ta babu kiɗa, ya dafa bakin sukudireba a jikinta, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Minti ɗaya, minti biyu, sai ka ji ya ce, "Wayar ƙasa ce ta saki." A buɗe kuwa, a tarar haka ɗin ne. Wasu na cewa baiwa ce, shi kuma ya ce wace baiwa, shekara arba'in da ɗoriya ce ta rufe baki a saurara.

Ya koyi aikin ne wurin wani tsoho mai faɗan tsiya, wanda bai taɓa yaba masa ba sai sau ɗaya, shi ma a bayan idonsa. Abu guda tsohon ya dasa masa a ka: kiɗa na makaɗi ne, magana ta mai magana ce, amma duk ƙugi da huci da ƙaraf-ƙaraf ɗin da suka biyo su, naka ne kai mai gyara, kuma abin kunyarka ne. Da wannan karatu ya ga tashin rediyo mai akwatin katako, ya ga kaset, ya ga faifai, ya ga duk sun koma cikin waya. Abokan sana'arsa suka watse zuwa gyaran waya ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ce idonsa ba zai iya da waɗannan ƙananan abubuwa ba, ya tsaya inda yake. Allah kuwa bai bar shi ba, don muddin ana taro ana buƙatar lasifika. Da ƙarfen dalman nan ya rene 'ya'ya biyar, kuma kullum in ya buɗe shago sai ya gode wa Allah da babbar murya, har mai batir ya amsa masa da amin ta bayan bango.

Sai dai hali zanen dutse. Mutumin nan ba ya iya zama da ƙugi. Ya taɓa sa direban bas ya tsaya a gefen titi don ya ɗaure masa lasifikar da ke kakkarwa, fasinjoji na ta tsaki. Ya taɓa zuwa asibiti da ciwon gwiwa, ya ɓige da hawa kujera yana gyara fitilar ɗakin jira. A gida kuwa, matarsa ta ce firij ɗinsu ya fi kowane firij shan wahala a duniya.

"Malam, ka ƙyale bawan Allah nan ya yi numfashi mana," takan ce. "Kai ma fa kana munshari, ban taɓa kwance ka ba."

To, cikin 'ya'yan nan biyar, Auta ce kaɗai ta ɗauko kunnensa, kuma ita ce ta kai shi inda bai zata ba. Da rana tana aiki a kantin magani, in ta taso kuma ta zauna gaban kwamfuta da abin ji a kunne tana haɗa kiɗa. Ba kiɗan da za ka taka rawa ba fa, ba kuma waƙa a ciki. Sauti ne mai jan jiki a hankali, irin na zama a natsu. Takan ɗauki ƙarar ruwan sama a kan kwano, ta haɗa da busar sarewar wani mutum da ke wata ƙasa, ta ɗora gogen wata mata da ke wata ƙasar daban, waɗanda ba ta taɓa gani ido da ido ba, sai dai su turo mata ta waya. Akwai masu son irin wannan, ashe, kuma ba kaɗan ba.

Shekara huɗu da suka wuce, wata ranar hutu da hantsi yana gida, ta kawo masa abin da ta fara haɗawa. Ta tsuguna gefen kujerarsa, ta sa masa abin ji a kunne, tana kallon fuskarsa. Bai yi minti ɗaya ba ya cire.

"'Yar nan, yaushe za a fara kiɗan? Ni abin da nake ji, irinsa ake kawo min in gyara."

Da wasa ya faɗa, har yayyenta suka yi dariya. Ita ma ta yi 'yar dariya, ta naɗe wayar abin jin, ta shige ɗaki. Magana zarar bunu ce. Daga ranar ba ta sake kunna masa komai ba. Ba ta yi fushi irin na ɗaure fuska ba, ina! Tana gaishe shi, tana kawo masa maganin gwiwa, tana masa faɗa in bai sha ba. Amma in ya shigo ya tarar tana aikinta, sai ta rufe kwamfutar ta ce sannu da zuwa. Wannan rufewa ta fi masa zagi ciwo. Ya san shi ya jawo, kuma bai san ta inda zai ɓullo ba, don shi mutum ne da ya iya nemo laifin na'ura amma bakinsa ya yi nauyi wurin faɗin nasa.

Shi ya sa ranar Talatar da ta sunkuyo ta shigo shagon da rigar aikinta, ta tsaya tana wasa da makullin hannunta, ya ajiye sukudireba ya gyara zama.

"Baba, na fitar da sabon albam."

"Madalla, Allah ya sa albarka."

"Ranar Asabar da ƙarfe huɗu za a saurare shi a ɗakin taron laburare, mutum kamar arba'in. Lasifikarsu ba ta da kirki." Ta dubi lungun shagon. "Ko za ka ara min tsohuwar nan?"

Tsohuwar ita ce amfilifayarsa mai kwalaben wuta a ciki irin na rediyon da, wadda ya gada wurin tsohon da ya koya masa aiki, nauyinta ya kai na buhun siminti. Manyan mutane sun zo da rarrashi a sayar masu ya ƙi. Amma kafin Auta ta rufe baki ya miƙe yana share mata ƙura da hannun rigarsa.

"Ara kuma? Ni da kaina zan kai ta, ni zan haɗa. Kawo kiɗan in gwada ta da shi."

Ta ajiye masa filashi a kan tebur ta fita. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. A ransa ya ce, an ba ka dama ta biyu, tsoho, in ka ɓata wannan babu ta uku.

Ya kashe fanka, ya jira kwalaben suka yi ja, ya kunna. Sarewa ta shigo daga nesa, siririya, mai daɗi kuwa, ya gyaɗa kai. Sai kuma ya ji shi. Can ƙarƙashin sarewar, wani ƙugi mai kauri ya kwanta, mmmm, bai hawa bai sauka. Baba Kunne ya dafe ƙirji. Tsohuwa, yau za ki kunyata ni? Ya cire filashin, ya sa sukudireba ya saurara: shiru, tsaf. Ya kunna labarai: tas. Ya mayar da kiɗan Auta: mmmm. Ya sauya waya, ya sauya lasifika, ya tsallaka zuwa kiɗa na biyu, na uku, har na shida. Ƙugin na nan daram a cikin kowanne.

Nan tausayi ya kama shi. Ashe a cikin ɗaukar yake. Kayan aikin yarinya ne ke yoyon wuta, ita kuma ba ta ji ba, don waɗannan 'yan abubuwan ji na kunne ba sa fito da ƙasan sauti. Amma tsohuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Ranar Asabar za ta fallasa shi a gaban mutum arba'in, a ce 'yar mai gyara ce ta fitar da aiki da ƙugi.

Mai batir, da ya leƙo jin shirun ya yi yawa, ya ce, "To ka kira ta mana ka gaya mata."

"In ce mata me? In sake ce mata aikinta na da ciwo? Kai ba ka san abin da ya wuce ba. Bakina ba zai ƙara taɓa kiɗan yarinyar nan ba. Hannuna ne zai yi magana."

Kwana biyu ya rufe karɓar aiki. Ya zauna ya harhaɗa wani ɗan abu da yake kira rariya, wanda ke tare ƙugi ya bar sauran sauti ya wuce. Ya taɓa yin irinsa sau ɗari, amma bai taɓa yin mai kyan wannan ba. Ya auna, ya sauya, ya sake aunawa, har sai da sarewar ta fito fes babu ko ɗigon ƙugi. Ya ɓoye rariyar can cikin tsohuwa, ya liƙe da dalma, ya mayar da murfi. Da ya koma gida da yamma yana ta murmushi shi kaɗai, matarsa ta tsare shi sai da ya faɗa mata.

"Ta ce ka gyara?" ta tambaya.

"Ba sai ta ce ba."

"Hmm. Malam, garin neman gira fa ake rasa ido."

"Ke me kika sani a harkar sauti?"

"Ban san sauti ba, na san 'yata," ta ce, ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Ranar Asabar tun ƙarfe uku suna ɗakin taron. Mai batir ya taya shi hawa da tsohuwa bene na biyu, suna nishi suna zagin matakala. Ɗaki ne mai dogayen tagogi, an ja labule rabi, an jera kujerun roba, rana na kwance a kan siminti. Baba Kunne ya sa rigarsa ta fita kunya, amma jakar kayan aiki na rataye a kafaɗa, don ko gidan suruki ba ya zuwa babu ita. Ya haɗa wayoyi, ya ce Auta ta gwada.

Ta kunna. Sarewa ta shigo. Ya harɗe hannu yana satar kallonta, yana jiran ya ga fuskarta ta washe.

Fuskar ba ta washe ba. Ta karkata kai. Ta matsa kusa da lasifika, ta durƙusa, ta ɗora tafinta a jikin akwatin. Ta koma kan kwamfuta ta tsallaka gaba, ta dawo baya.

"Baba, babu ƙasan. Ina ƙasan ya tafi? Wayyo, ko fayil ɗin ne ya lalace?"

"Kwantar da hankalinki," ya ce, yana gyara tsayuwa. "Ƙugin kike nema? Na tace miki shi. Ko mai kunnen zomo ba zai ji shi ba yanzu. Ba sai kowa ya sani ba."

Ta juyo a hankali ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ka tace."

"Kayan ɗaukarki ne ke yoyo, ba laifinki ba ne, yana faruwa ga..."

"Baba, ni na sa shi. Wata takwas ina gina komai a kansa. Sarewar da gogen duk a kan muryarsa aka daidaita su. In babu shi, rataye suke a iska." Ta share ido da bayan hannu, cikin haushin hawayen da suka zo ba ta gayyace su ba. "Ka san ma ƙugin mene ne? Taransifomar ƙarƙashin teburinka ce. Bara na je na ɗauka, ka fita cin abinci."

"Taransifomata ba ta ƙugi," ya ce da sauri, don nan an taɓa sana'a.

Matarsa, da ke zaune a layin gaba da jaka a cinya, ta kasa riƙe dariya. "Ba ta ƙugi? Malam, tun daga bakin titi ake jin ta!"

Mai batir ya sosa ƙeya ya ce, gaskiya shi ma ta bango yake jin ta, ya ɗauka an sani.

"Kullum aka taso mu daga makaranta a ƙarƙashin teburin nan nake zama," Auta ta ce. "In jingina da ita don ɗuminta, ina kallon ƙafafunka, har barci ya ɗauke ni. Ni duk inda na ji wannan ƙara, to kana kusa, babu abin da zai same ni. Shi ya sa na so a ji shi ta cikin tsohuwa, kuma kana wurin."

Kai, jama'a! Mutumin da ya tsayar da bas saboda kakkarwar lasifika, ashe shekara talatin yana zaune a kan nasa ƙugin, ya saba da shi har ya daina ji. Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. A waje an fara jin takun mutane a matakala. Ya dubi agogon bango, huɗu saura kwata.

"Jona min wannan," ya ce wa mai batir, yana miƙa masa wayar ƙarfen dalma.

Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, da rigar fita kunya da komai, ya kwance murfi. Ga rariyarsa nan zaune tsaf, aikin kwana biyu, mafi kyan abin da hannunsa ya yi a bana. Bai ko tsaya kallonta ba. Ya narke dalma, ya zare ta, ya mayar da wayoyi biyu inda suke tun asali, ya jefa ta cikin jaka. Mutanen da suka fara shigowa suka tarar da tsoho a ƙasa cikin hayaƙin dalma, suka ɗauka cikin shirin ne. Huɗu saura minti biyar ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe.

"Kunna," ya ce.

Mmmm. Ƙugin ya cika ɗakin, ya bi siminti ya hau ƙafafun kujeru. Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta gyaɗa kai, ba ta dube shi ba.

Minti arba'in da biyu albam ɗin yake, kuma Baba Kunne bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan zama ba. Minti goma na farko hannunsa sai zillo yake yana neman jaka, har matarsa ta kama shi ta danne a kan gwiwarsa ta bar nata a kai. Ya dubi mutane. Ga wani mai furfura ya lumshe ido, ga 'yan mata biyu sun jingina da juna, ga wata mai goyo tana jijjiga a hankali, babu mai ɓata fuska, babu mai waigen amfilifaya. Da ya ga ba wanda ke tuhumarsa, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya yi abin da ya iya, ya rufe ido ya saurara, sai dai yau ba laifi yake nema ba. Ya ji yadda sarewar ke tashi daga kan ƙugin ta yi yawonta ta dawo ta sauka a kansa. Ya ji gogen ya shigo yana kuka ƙasa-ƙasa, ruwan sama ya zo ya wuce, shi kuwa ƙugin yana nan bai gusa ba, komai ya je ya dawo ya same shi. Wani wurin ya bi, wani wurin ya ɓace masa, ba zai yi ƙarya ba. Amma ya gode wa Allah da ya ba shi 'yar da ta yi haƙurin shekara huɗu ta sake tambaya, ya gode da matar da ta danne masa hannu, ya gode da kwatar awar da ta ishe shi warware ɓarnarsa.

Da aka gama, tafi ya ɓarke. Mutane suka kewaye Auta, wannan na tambayar wane ne mai sarewar, wancan na tambayar inda zai samu albam ɗin. Shi ya koma gefe yana naɗe wayoyi, a hankali, don kada ya gama da wuri. Sai da ɗakin ya kusa zama wayam ta zo ta tsaya a kansa. Ta ɗauki wata waya tana naɗewa ita ma, ba ta tambaye shi komai ba, kuma ya gane ba za ta tambaya ba. In bai yi magana yanzu ba, shi ke nan.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Na yi miki laifi sau biyu, na wancan karon da na yau. Ki yafe min." Ya ajiye wayar da yake naɗewa. "Ba zan ce miki na gane shi duka ba. Rabinsa ya fi ƙarfina. Amma ina so in gane. In kin samu sarari, ki zo ki sake kunna min daga farko, ki riƙa tsayarwa kina nuna min. Da na baya ma, waɗanda ban ji ba."

Ta ƙarasa naɗe wayar da ke hannunta, ta miƙa masa.

"Suna da yawa fa, Baba. Na shekara huɗu ne."

"Ina da kujera," ya ce. "Ke za ki zauna a kai."